Mutumin da Ya Kulle Rijiya

Tun yana ɗan shekara goma sha wani abu aka fara ɗaura wa Baba Guga igiya a ƙugu ana zura shi cikin ƙasa, kuma har ya yi furfura bai san wata sana'a ba sai yasar rijiya. Mahaifinsa ne ya zaɓa masa aikin, ba don ya hango wata baiwa a jikinsa ba, sai don ya duba 'ya'yansa kaf ya ga shi ne zai fi sauƙin ja. Gajere ne siriri, ga tafin hannu manya kamar an aro masa na wani. In ya tsaya cikin taro sai ka neme shi, amma in ya shiga rijiya muryarsa kan fito ta cika unguwa, domin Allah ya yi shi da baki, rijiya kuma tana ƙara wa magana kauri. Mata kan bar tukunya a wuta su zo su leƙa don kawai su ji abin da zai ce a kan kayan da yake tsintowa: cokula, takalmi wari ɗaya, gugunan da igiyarsu ta tsinke, har da haƙoran roba na wani dattijo da ya rantse ba nasa ba ne, alhali tun ranar da suka faɗa bai sake yin dariya a gaban mutane ba.

A bakin rijiya ya samo mata. Uwar Biyu, wadda a lokacin ba ta da biyu ba ta da ɗaya, ta zo cigiyar ɗan kunnenta, ya tsinto, ya ƙi miƙowa sai ta faɗa masa gidansu. Har yau takan ce ita tsakiyar kansa kawai ta sani ta amsa, da ta ga fuskar da wuri da an sake shawara. Suka haifi tagwaye maza, suka girma suka tafi birni, ɗaya yana gyaran firji ɗaya yana tuƙa motar asibiti, babu wanda ya gaji igiya. Tare da matar kuma ya samu ƙaninta, wani tsohon direban babbar mota mai tumbi da son taro, wanda da ya ajiye tuƙi aka ba shi shugabancin kwamitin raya gari. Daga nan sunansa ya ɓace, kowa Ciyaman yake ce masa, har matarsa. Shi da Baba Guga ba sa haɗuwa su rabu ba su tsokani juna ba. Ciyaman na kiransa Yayana na ƙarƙashin ƙasa, shi kuma yana cewa Ciyaman gyara ne aka ɗora masa a kan aure, kuma da ya sani da ya ce a bar gyaran.

Garin ƙarami ne, titi ɗaya ya ratsa shi, in mota ta shigo da gudu kafin direba ya nemi birki ya riga ya fita. Amma tsoho ne, kuma tsufansa a fili yake. Akwai gadar dutse a kan rafi, mai baka uku, ba a sa mata siminti ko cokali ɗaya ba, amma ta ga bayan gadoji biyu na zamani da aka gina kusa da ita. Akwai wani faffaɗan dutse a bayan makaranta mai ramuka santsi, inda matan dauri suka yi niƙa har gwiwoyinsu suka bar shaida. Akwai guntun bangon da ya taɓa kewaye garin, kaurinsa ya isa mutum biyu su kwanta a kai ba su taɓa juna ba. Akwai kufan maƙera, inda har yanzu in an yi ruwa mai ƙarfi ƙasa kan tono baƙin kashin ƙarfe. Sai kuma rijiyar tsakiyar gari, wadda ba a ce mata komai sai Tsohuwa. An jera mata duwatsu tun daga baki har ƙasa, kowanne ya zauna a kan ɗan'uwansa ba laka ba komai, igiyoyi kuma sun ci dutsen bakinta har sun yi masa kwari da yatsa ke shiga. Baba Guga ya sauka rijiyoyin ƙauyuka da yawa, amma ya ce duk ramuka ne. Wannan ce kaɗai in ka kai ƙasa ka ɗaga kai sai ka ji ya kamata ka yi sallama.

Da aka haƙa burtsatse aka kafa tanki da famfuna a bakin kasuwa, sana'arsa ta mutu a tsaye. Rijiyoyin gidaje aka rufe su ɗaya bayan ɗaya. Tsohuwa ma aka yi mata ƙaura, ba a bar mata kowa ba sai wasu mata ƙalilan: masu wankau da suka ce ruwanta ya fi karɓar sabulu, da tsofaffin da ke ganin bin layin famfo raini ne. Jagorarsu Inna Mai Wanki, wadda mijinta ya rasu ya bar mata yara da baho biyu, ta kuma raini yaran da bahon. Sa'ar Baba Guga ce, tare suka yi wasan ƙasa, kuma a garin ita kaɗai bakinta ya kai nasa.

Yana cikin wannan zaman banza, kullum a gindin bishiyar tasha yana gyara wa masu dara wasa ba su tambaye shi ba, sai motar wani malamin makaranta daga birni ta lalace a garin. Kafin makanike ya gama, Baba Guga ya ja baƙon ya zagaya da shi gada da dutse da bango da kufai da rijiya, yana zuba kamar rediyo. Malamin ya ɗauki hotuna ya watsa a waya. Ba a jima ba ya dawo da mota cike da ɗalibai, bayansu wata motar, bayanta wata. Haka aka wayi gari garin da a da in an tambayi mutum daga ina yake sai ya ambaci garin da ke kusa, ya zama wurin da ake hawa mota takanas don a zo a gani. Baba Guga ya sayi hula da sanda. Ya tsara zagayen yadda yake so: a fara da gada tun ƙafafu na da ƙarfi, a ƙare da Tsohuwa lokacin da ƙishi ya fara. Gaskiya dai bangon kan ƙara tsayi a bakinsa daga mako zuwa mako, maƙeran kuma sun fara da ƙera fartanya sun kai ga ƙofofin birane, amma in an zo rijiya ba ya ƙara komai. Ya ce ita ba ta bukatar gishiri.

Abin da ya kawo matsala tafiya ce. Kwamiti ya ga tunda gari ya zama na tarihi, ya kamata a je a ga yadda manya suke yi, sai Ciyaman ya ɗebo su har da Baba Guga suka tafi gidan kayan tarihi na birni. Can suka ga wata tukunya, wadda Uwar Biyu ba za ta yarda ta jiƙa wa kaji dusa a ciki ba, an sa ta cikin gilashi, an kewaye ta da jar igiya, an tsayar da ƙato mai kaki yana gadinta. Ciyaman ya miƙa yatsa zai taɓa gilashin, ƙaton ya yi gyaran murya, yatsan ya koma aljihu. A hanyar dawowa babu mai magana sai Baba Guga. Ya ce ashe su duk shekarun nan wulaƙanta arziki suke yi. Tukunya fasasshiya tana da mai gadi, su kuma rijiyar da ta shayar da kakannin kakanninsu an bar ta ana wanke zani a gefenta, awaki na leƙawa.

Shi ya kawo shawarar murfi, shi ya tsaya a kan mai walda har aka ƙera shi, na ƙarfe mai kauri, da ƙaton kwado. Aka kewaye rijiyar da sarƙa, aka shafa wa sandunan farin fenti, aka kafa allo. Makullin kuwa ba a ma yi muhawara ba, ya zura shi a zare ya rataya a wuya a kan riga, ba a ciki ba, don kada wani ya rasa gani.

Washegari Inna Mai Wanki ta zo da gugarta da bahonta kamar kullum, ta tarar da shi zaune a kan kujera. Ya yi mata bayani cikin sabuwar muryar da ya samo a birni, cewa wannan wuri yanzu na kallo ne ba na aiki ba, ga famfo can an yi domin irinsu. Ta ce ita da rijiyar nan sun san juna tun shi ana ɗaura shi a igiya kamar akuya. Ya ce tarihi ba wurin wankin tsumma ba ne. Ya faɗa da ƙarfi, a gaban matan da suka biyo ta, har ya ɗan tura bahonta da sandarsa ya fitar da shi bayan sarƙa.

Ta sunkuya ta ɗauki bahon, ta dube shi sama da ƙasa, abin da bai ɗauke ta lokaci ba.

"To, mai gadin tarihi," ta ce, "ka riƙe ta da kyau. Ranar da ta neme mu, kai za ta aiko."

Watanni suka wuce lafiya. Baƙi na zuwa su tsaya bayan sarƙa su ɗauki hoton murfi, shi yana ba su labarin abin da ke ƙarƙashi. Ba ya buɗewa sai ga manyan baƙi, manyan baƙi kuma ba su zo ba sai da zafi ya kankama, ranar da motar wata ƙungiyar ma'aikata mata ta iso, duk sun sha ado. Ya kai su gada, ya kai su bango, ya tara su a bakin Tsohuwa, ya yi musu alkawarin ruwan da ya fi na firji sanyi. Ya ciro makulli a hankali don masu hoto su samu, ya buɗe kwado, ya ɗaga murfi.

Warin da ya fito bai yi sallama ba. Na gaba suka ja baya suka taka na baya, mayafai suka koma hanci, wata ta ce a kai ta mota. Baba Guga ya leƙa, ya ga ruwan da ya sani garau kamar idon jariri ya koma baƙi, da wani yauƙi a samansa, sauro na tashi kamar hayaƙi. Ya ja da baya da makulli a hannu.

Cikin matan akwai wadda ba ta toshe hanci ba, ta matso ta leƙa ta daɗe. Ashe duba-gari ce. Bayan kwana biyu ta dawo da kayan aiki, ta ɗebi ruwan a kwalba, ta tara kwamiti a gindin bishiya. Ba ta yi faɗa ba, da ta yi ma da ya fi sauƙi. Ta ce rijiyar ta burge ta, ba ta taɓa ganin jerin dutse irin wannan ba, amma ruɓaɓɓen ruwa a tsakiyar gari, kusa da makaranta, ba abin da za ta kawar da kai a kansa ba ne. Za ta dawo kafin ruwan farko ya sauka. In ta sami ruwan ya gyaru kuma ya zauna a gyare, shi ke nan. In ba haka ba, za a kawo motar yashi a cike ta.

Da ta tafi, Ciyaman ya ce shi bai ga abin tashin hankali ba. A cike ta ɗin mana, a bar bakin a waje, ai baƙi bakin suke ɗauka a hoto, wa ya taɓa ɗaukar ruwa? Wasu suka gyaɗa kai. Baba Guga ya ce in haka ne shi ma Ciyaman a cike shi da yashi a bar hular a waje, ai taro hular yake gani. Aka yi dariya, amma shi bai yi ba. Ya ce a ba shi dama ya sauka.

A gida Uwar Biyu ta ce bai isa ba. Ta lissafa masa gwiwarsa ta hagu, da bayansa, da shekarun da ya yi bai taɓa igiya ba, ta ce za ta kira tagwaye su zo su ɗaure shi a ƙafar gado. Ya bar ta ta gama, sannan ya ce mata, a hankali ba kamar yadda ya saba ba, shi ne ya rufe ta da hannunsa, in aka cike ta, har ya mutu duk wanda ya wuce wurin zai ce ga rijiyar da ta fi ƙarfin shekaru amma ba ta fi ƙarfin Guga ba. Ta tashi ta shige ɗaki. Da safe ya tarar ta fito da tsohuwar igiyarsa daga ƙarƙashin gado tana bin ta taku-taku tana duba inda ɓera ya taɓa. Sharaɗinta ɗaya: ƙaninta ne zai riƙe igiyar, don in wani abu ya faru ta san wanda za ta kama ba sai ta yi nisa ba.

Masu yasa ba sa sauka rijiyar da ta daɗe a rufe sai sun tura fitila ta riga su. Baba Guga ya kunna ta ƙwai, ya zura a hankali, mutane sun kewaye suna kallo. Ba ta kai rabi ba harshen wutar ya yi ja, ya ƙanƙance, ya mutu. Ya ce iskar ƙasa ta lalace, wanda ya shiga yanzu ba zai fito da ƙafarsa ba, sai an sauya ta. Da me? Ya waiga ya dubi ƙatuwar lemar Ciyaman, mai launi huɗu, wadda ake riƙa masa a taro.

"Yaya, wannan lemar daga waje aka kawo min ita."

"To yau za ta ga ciki."

Aka ɗaura wa lemar igiya a mariƙi, aka zura ta a buɗe, ana saukarwa ana fizgowa, tana kwaso mugunyar iska tana fitarwa, Ciyaman na tsaye yana bin ta da ido kamar an tura ɗansa yaƙi. Sai da hantsi ya yi sosai fitila ta kai ƙasa da ranta. Sannan aka kwashe baƙin ruwan guga bayan guga, majiya ƙarfin gari suna karɓa-karɓa, har ya rage iya gwiwa. Baba Guga ya tuɓe riga, ya ɗaura igiya a ƙugu da ƙullin da hannunsa bai manta ba, ya sa ƙafa a dutsen farko.

Daga sama Ciyaman na ta ƙorafi, wai mutum kamar tsinke amma nauyi kamar buhun siminti, ko alhakin mutane ne. Daga ƙasa murya ta taso, irin ta da, ta ce ya riƙe da kyau, in ya saki yayarsa ta zama tasa har abada. Ciyaman ya ƙara naɗe igiyar a hannu.

Amma da ya fito, jikinsa duk baƙin taɓo, fuskarsa ba ta saki ba. Duk rijiyar da ya taɓa yashewa tana da mai laifi: mushen kaza, ko ƙadangare, ko wani abin da ya faɗa ya ruɓe. Ka fitar da mai laifi, rijiya ta warke. A nan ya laluba ko'ina bai sami komai ba sai laka da 'yan ganye. Duk da haka idanun ruwan suna nan da ransu, ya ji su suna tsattsafowa a tafin ƙafarsa da sanyi. Kafin kwana biyu ta cika garau. Aka yi murna, Ciyaman ya yi jawabi, Baba Guga ya mayar da murfi ya datse kwado don kada wani abu ya sake faɗawa.

Bai kai wata ba, ya buɗe da safe don ya duba, hancinsa ya gaya masa tun kafin idonsa. Ba ta kai ta da ba, amma ta kama hanya. Gajimare kuma ya fara taruwa a gabas da yamma-yamma.

Ranar bai kai baƙi ko'ina ba. Ya koma gida ya zauna a tsakar gida a kan turmi, ya tasa ƙasa a gaba. Ya ce wa Uwar Biyu ya rufe ta, ya kiyaye ta, ko ƙura ba ta shiga, to me kuma take so? Ita tana wanke randa a lokacin, ta juye sauran ruwan a gindin bishiyar lemo, ta ce ita dai ba ta san rijiya ba, amma randar nan in suka yi tafiya suka bar ta a rufe, ruwan da suka bari mai daɗi shi suke tararwa ya yi wari, ba kuma abin da ya faɗa. Wadda ake ɗiba ana ƙarawa ba ta taɓa yi mata haka ba.

Ya daɗe yana kallon randar. Shekara nawa yana shiga rijiyoyi, ya san ciwonsu kala-kala, amma bai taɓa ganin wadda hutu ya kwantar ba, domin a zamaninsa ba a taɓa barin rijiya ta huta ba. Ashe 'yan gugunan masu wankau, da ya ga kamar raini ne, su ne numfashinta.

Da la'asar ya kira mai walda ya cire murfin aka jingine shi a bango, ya kwance sarƙar gaba, makullin ya koma aljihu. Ya zauna yana jiran mata. Babu wadda ta zo. Washegari ma haka. Suna wucewa da bahonsu zuwa famfo, su gaishe shi da ladabin da ya fi zagi ciwo, su tambaye shi ya tarihi ya kwana. Sai ya ɗauki guga ya fara ja da kansa. Amma ruwan da aka jawo sai an san inda za a kai shi. In ya zubar a nan, kududdufi zai yi, duba-gari kuma ba za ta bambanta sauron rijiya da na kududdufi ba. Ya aro jarka biyu da sanda, ya cika, ya saɓa a kafaɗa, ya bi titi ɗayan nan na garin da hularsa ta jagoran baƙi, kowa na kallo, har ƙofar Inna Mai Wanki.

Ta fito ta same shi yana haki.

"Wa ya aiko ka?"

"Kin san wadda ta aiko ni."

"Ba ta ba ka saƙo ba?"

"Ta ce in ce ki yi haƙuri. Ni ma na ce."

Ta ce ya juye a baho na biyu, na farko akwai sabulu. Ta koma ciki. Washegari ya sake kawowa, ta nuna masa inda zai zuba. Rana ta uku ta ce ya makara. Ya ƙara da gidajen sauran matan da ya kora, da teburin mai shayi, da kwamin da dabbobi ke sha a bayan kasuwa, tun sanyin safiya har rana ta take, kafaɗarsa ta saɓule Uwar Biyu na gasa masa da ruwan zafi tana faɗa. Baƙi suka zo suka tarar da jagoransu ya zama ɗan ga-ruwa, ya ce su biyo shi, yana tafe da jarkoki yana nuna musu bango da haɓa.

Abin da ya karya matan ba haƙurin da ya bayar ba ne, ganinsa ne. Mutum mai furfura, uban tagwaye, wanda ya tsinto wa iyayensu mata cokula, yana rangaji da ruwa zuwa ƙofarsu alhali hannuwansu lafiya lau. 'Ya'yansu suka fara yi musu magana, mazansu suka daina haɗa ido da shi. Wata safiya ya iso rijiya ya tarar da Inna Mai Wanki ta riga shi, gugarta na ciki, mata huɗu ko biyar na bayanta. Ta ce ba don shi ta zo ba, ta gaji ne da ruwan da rabinsa ke zubewa a hanya, kuma ya matsa mata da wannan sarƙar kafin ta harɗe mutum. Ya kwance sauran sarƙar da hannunsa. Akwai masu cewa tun farko dabara ce ya shirya don ya sa su jin kunya. Shi dai in an tambaye shi sai ya nuna kafaɗar ya ce a tambaye ta.

Baƙin da suka zo a makon suka tarar da abin da ba su taɓa gani ba: igiyoyi na sauka suna hawa, mata na hira da tsiya, kumfa a baho, rijiya na amsa kowace guga da ƙara daga can ƙasa. Wata ɗaliba ta roƙi a ba ta ta gwada. Inna ta miƙa mata igiya ta koya mata yadda ake karkata guga ta nutse. Daga nan kowane baƙo sai ya ja tasa, manyan mutane masu agogo suna nishi suna dariya, suna juyewa a bahon masu wanki, matan na ba su maki.

Duba-gari ta dawo ranar da aka tashi da hadari. Ta tsaya gefe ta jira layi ya zo kanta, domin babu wadda ta matsa mata. Ta ja da kanta, ta ɗaga ruwan a kwalba ta duba shi a haske, ta shinshina, ta ɗiga masa maganin gwajinta ta jira. Baba Guga na tsaye, hula a hannu. Ta ce a ɗaga bakin da ɗan gini saboda yara, a yi magudana zuwa kwamin dabbobi, a sa murfin raga wanda iska ke shiga, kuma na sha a riƙa tafasawa har ta aiko da sakamakon babban gwaji. Ciyaman ya tambaya, to maganar yashi fa?

"Yashi kuma na me?" ta ce. "Ku nemi inda za ku kai shi, ba nan ba."

Ciyaman ya gyara tsayuwa ya fara jawabi a kan hangen nesan kwamiti. Baba Guga bai tsaya ji ba. Ya ɗan dafa dutsen bakin rijiyar, ya mayar da hularsa, ya bi titi ya tafi gida, ya kwanta a tabarma da rana tsaka ko takalmi bai cire ba. Can wata mota ta tsaya a ƙofar gida, aka yi sallama ana neman mai nuna wuraren tarihi. Uwar Biyu ta leƙo ta ce yana barci, kuma ba mai tashinsa. In gada suke so ga ta can ba ta zuwa ko'ina, in rijiya ce su bi matan nan masu baho, amma su naɗe hannun riga tun daga nan, don Inna ba ta son mai jan guga da yanga.